Tankokin da Aka Yi wa Dariya: Darasin Normandi ga Masu Riƙe da Fayil

Duk shekara idan 6 ga Yuni ta zagayo, shugabanni kan hallara a gaɓar tekun Normandi da ke arewacin Faransa domin tunawa da ranar da sojojin ƙawance kimanin 156,000 suka dira a can a 1944. Jawabansu kan cika da sunayen janar-janar da yabon jarumtaka. Da wuya ka ji an ambaci tankar da ke jujjuya sarƙoƙi tana dukan ƙasa, ko wadda ta goyo damin itace kamar mai dawowa daga daji. A ganina waɗannan munanan motoci, da labarin mutumin da ya tattara su, sun fi jawaban amfani ga duk wanda aikinsa shi ne shirya wa shugaba takarda.

Asalinsu wata mummunar asara ce. A ranar 19 ga Agusta 1942 sojoji kimanin 6,000, akasarinsu ’yan Kanada, suka kai farmaki tashar jiragen ruwa ta Dieppe. Tankokinsu samfurin Churchill sun sauka a kan tsakuwa mai zamewa, wasu suka kafe a nan. Waɗanda suka haura katangar bakin teku kuma suka tarar an toshe hanyoyin shiga gari da tubalan kankare. Injiniyoyin da aka ɗora wa fasa shingayen suna tafe a ƙafa, ba su da mafaka, harsasai suka yi ta zubar da su. Kafin yamma fiye da rabin rundunar an kashe, ko an raunata, ko an kama. Ko tanka ɗaya ba ta koma Ingila ba.

Bayan irin wannan faɗuwa, manya kan nemi kalmomin wanke kai. Lord Mountbatten, wanda ofishinsa ya tsara farmakin, ya shafe shekaru yana kafa hujja da cewa darasin da aka koya ya biya jinin da aka zubar. Ban gamsu ba, domin ana iya sanin yanayin tsakuwar gaɓa ba tare da an binne ’yan Kanada sama da 900 ba. Abin da ya yi amfani shi ne aikin waɗanda suka zauna suka warware asarar dalla-dalla, suka mai da ita jerin matsaloli: nakiyoyi, taɓo, katanga, rami, gidan bindiga na kankare. Daga nan aka nemi na’urar da za ta amsa kowace.

A 1943 Janar Alan Brooke ya damƙa aikin ga Manjo Janar Percy Hobart da Runduna ta 79 ta motoci masu sulke. Hobart injiniyan soja ne mai kaifin basira da kaifin harshe, wanda ba ya iya ɓoye rainin da yake yi wa ra’ayin da ya ga bai da tushe. Shi ya horar da rundunar tankoki a Masar wadda daga baya ta yi suna da laƙabin Ɓerayen Hamada, amma Janar Wavell ya sauke shi, ya tsinci kansa a ritaya a 1940. Sai ya shiga dakarun sa-kai masu tsaron gida da igiyar ƙaramin kofur. Da marubucin harkokin soja Basil Liddell Hart ya yi rubutu a jarida kan wannan ɓarna, kuma magana ta kai kunnen Firaminista Winston Churchill, aka dawo da shi bakin aiki a 1941. Wani zai ce ai yana da hanya, tunda Montgomery ya auri ’yar’uwarsa. Gaskiya ne, sai dai surukutar ba ta hana a kore shi ba.

Sojoji sun riƙa kiran motocin nasa abin dariyar Hobart, amma kowace tana da tambayar da take amsawa. Sherman Crab tana ɗauke da ganga mai juyawa a gaba, sarƙoƙinta na dukan ƙasa suna tayar da nakiyoyi kafin ƙafa ta taka. Churchill AVRE mafakar injiniyoyi ce mai tafiya, tana harba bam mai nauyin kilo 18 da ke tarwatsa kankare. A kanta ake ɗora damin itace don cike rami, ko gada mai tsawon mita tara don haura katanga. Bobbin kuwa tana warware shimfiɗar tamfol a kan ƙasa mai laushi domin motocin baya su bi. Ga kuma Sherman DD, ƙirƙirar Nicholas Straussler, wadda ake kewaye ta da labulen tamfol a sa mata farfela biyu, ta yi iyo zuwa gaɓa. Hatta taɓon ba a bar shi ga zato ba: a daren 31 ga Disamba 1943, Manjo Logan Scott-Bowden da Saje Bruce Ogden-Smith suka yi ninƙaya zuwa gaɓar da daga baya aka kira Gold, suka ɗebo samfurin ƙasarta a gaban idon masu gadin Jamus. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Adalci ya wajabta a faɗi inda na’ura ta gaza. A gaɓar Omaha, bataliyar tankoki ta 741 ta Amurka ta saki tankokin iyo 29 kimanin kilomita biyar daga tudu, alhali teku na tumbatsa. Guda 27 suka nutse. A ɗaya ɓangaren gaɓar, jami’ai sun dubi igiyar ruwa suka ajiye tsarin da aka rubuta, suka kai tankokin bataliya ta 743 har bakin rairayi a cikin jiragensu. Na’urar ɗaya ce, tekun ɗaya ne, hukuncin mutum ne ya bambanta. Akan ce da Amurkawa sun yi amfani da sauran motocin Hobart da ba a yi asarar Omaha ba. Wannan magana ta yi sauƙi da yawa, domin tsaunukan da ke bayan gaɓar da ƙarfin dakarun Jamus a wurin sun sha bamban da na Gold, Juno da Sword, inda motocin suka buɗe hanyoyi.

To, mai karatu da ke zaune tsakanin shugaba da tarin fayiloli, ga inda labarin ya shafe ka. Churchill bai ƙirƙiro tanka mai sarƙa ba, abin da ya yi shi ne hana a yi asarar wanda zai iya haɗa ta da aikinta. Kafin ya yi hakan, sai da wani ya bari maganar ta isa teburinsa. Kowace ma’aikata tana da rahoton aikin da ya rushe wanda aka kulle a durowa don kada ran wani ya ɓaci. Tana kuma da nata Hobart, ƙwararren da aka tura wani lungu saboda ba ya iya lanƙwasa harshe. Kai ne ke zaɓar takardar da za ta hau sama da sunan da za a gayyata taro. Idan ka tace wa maigida labari har ya rage mai daɗi kawai, ka tura shi Dieppe ne, kuma waɗanda za su taka tsakuwar ba su san ma da zamanka ba.