A auna ruwa kafin a sha

Ƴan uwa manoma, ku tuna da Tibirin Gobir. A 1985 suka samu sabon furaji. Ashe ruwan yana ɗauke da sinadarin fuliyor fiye da kima. Yara da yawa haƙoransu suka rine, ƙafafunsu suka karkace. Ruwan garau yake, ido ba ya ganin cutar.

A ganina, kowace rijiya ko furaji, sai hukumar komin ta sa ma'aikatan ruwa su auna kafin a fara sha, kuma a faɗi sakamako gaban maigari da jama'a. Ku nemi haka, hakkinku ne.

Mu ma mu daina wanke famfon feshi bakin rijiyar garka. Abin da ƙasa ta sha, shi ɗiyanmu za su sha.