Karting: lokacin da allo ya nuna ba na direba kaɗai ba ne



Wani ƙanenmu da ke karatu a Faransa ya turo mana hoton takardar sakamako ta WhatsApp, da ƙorafi a ƙasanta. Sun je karting shi da abokansa, kowa ya biya kuɗi ɗaya, aka ba su minti goma. Shi mai kilo 95 ya zo na ƙarshe, wani siririn yaro mai kilo 60 ya zo na farko, tun ranar ake yi masa tsiya. Tambayarsa: "Yaya, ni ne ban iya ba, ko jikina ne?"

Ga wanda bai taɓa gani ba, kart ƙaramar motar tsere ce mai kujera ɗaya, kusan a ƙasa kake zaune. Ƙafar dama totur, ta hagu birki, a na haya kuwa babu canjin giya. Na haya da yawa a Faransa ƙirar Sodikart ne, wani kamfani da ke kusa da Nantes, kuma sau da yawa injin Honda GX270 ne a jiki, mai ƙarfin doki 9. Ee, dangin injin nan da ke jan ruwa a garakunan noman rani. Kowane zagaye na'ura tana ƙirga shi, allo ya nuna.

To, ƙane, kana da gaskiya, amma rabinta. Mu ɗauka kart ɗin kilo 150 ne. Da abokinka a ciki injin yana jan kilo 210, da kai 245. Ƙarfin ɗaya ne, kayan ne suka ƙaru, sai tashinka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Duk ɗan kabu-kabun da ya taɓa ɗaukar mutum da buhun hatsi ya san zancen. Kuma ba sau ɗaya ake biyan wannan bashi ba: duk kwanar da ka rage gudu, a fitarta sai ka sake biya. Shi ya sa ƙaramin fili na cikin rumfa mai kwana-kwana ya fi cutar mai jiki, fili mai dogon miƙe ya fi yi masa sauƙi.

Manyan ma sun yarda da haka. Tun 2019 Formule 1 ta ce direba da kujerarsa kada su gaza kilo 80, wanda bai kai ba a cika masa da nauyi, a 2025 aka mai da shi 82. Gasannin kart na haya ma haka suke yi: a auna ka, a saka dalma a gefen kujera.

Amma abin da ba a cika faɗi ba, kuma a ganinmu ya fi nauyin jiki ɓarna, shi ne lafiyar kart ɗin kanta. Motar haya ce fa. Tun safe ake hawa, wannan ya daki bango, wancan ya taka totur da birki lokaci guda. Wata tayarta ta cinye, wata iska ta yi ƙasa, wata sarƙa ta saki, wata birkinta na kamawa ko ba ka taka ba. Akwai wadda ƙarfenta ya ɗan lanƙwashe, sai ka ji tana shiga kwanar dama lafiya lau, ta hagu kuwa sai da kokawa. Kart ba ta da abin da ke raba gudun tayoyin baya kamar mota, sanda ɗaya ce ta haɗa su, dole tayar ciki ta ɗan saki ƙasa kafin ta juya da kyau. In ƙarfe ya karkace, wannan lissafi ya rushe. Hatta wadda aka sauka yanzu, tayarta da zafi, ta fi kama ƙasa a kan wadda ta daɗe a ajiye. Fenti ɗaya, lamba daban, hali daban.

Shi ya sa muke cewa mai fili da ke karɓar kuɗi ɗaya daga kowa, ya kuma liƙa sunaye a allo, akwai haƙƙi a wuyansa. Ya riƙa gwada motocinsa, gurguwar ya fid da ita daga layi, ya raba su da ƙuri'a, ya ajiye ma'auni da dalma ga masu so. In ba haka ba, allon nan caca ce kawai.

Sai dai kada mu lallashe ka da yawa. Mun duba takardar da kyau: tsakanin zagayenka mafi kyau da mafi muni akwai kusan sakan huɗu, alhali kart ɗaya ce, kilonka kuma bai canza ba cikin minti goma. Wannan hannunka ne. Mai jiki in ya ja birki da ƙarfi ya bar baya ta zame, ya kashe gudun da zai daɗe bai maido ba. Gara ka shiga kwana a hankali, ka fita da wuta, sitiyari ba fizga.

In kun koma, ku sayi zagaye biyu, ku yi musanyar kart kai da siririn nan, sannan ka turo mana takardun duka biyu mu gani.