Mutane Za Mu Ƙirga Ko Motoci? Tsokaci Kan Sufurin Biranenmu Na Gobe

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa al'ummar Nijeriya, wadda a yanzu ta haura miliyan 220, za ta wuce miliyan 350 nan da shekarar 2050, kuma mafi yawan wannan ƙari a birane zai zauna. Ke nan ɗalibin da ke aji huɗu na sakandare a yau, kafin furfura ta kama shi, zai tarar da Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato sun tumbatsa fiye da yadda ya san su. To, ta yaya waɗannan ɗimbin jama'a za su riƙa zuwa kasuwa da makaranta da asibiti?

Amsar da aka saba ji ita ce a faɗaɗa titi, a gina gadar sama, a ƙara shataletale. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, mudun da muke awo da shi ne ya kamata a fara sauyawa. Amfanin titi yana ga yawan mutanen da ya kai inda za su, lami lafiya, cikin sauƙin kuɗi. Muddin motoci muke ƙirgawa, to za mu ci gaba da kashe dukiya mai yawa domin jin daɗin mutane kaɗan.

Lissafin Fili Da Na Mai

Bari mu fara da lissafin da kowane ɗalibi zai iya yi a allo. A ce mutum 60 ne za su tafi Kantin Kwari. Idan suka shiga ƙananan motoci 40, wato wasu su kaɗai, wasu bibbiyu, kuma kowace mota ta ci mita 6 har da tazarar da ke tsakaninta da ta gabanta, jerinsu zai kai mita 240. Idan A Daidaita Sahu suka hau, uku-uku, ana bukatar guda 20, jerin kuwa zai kai wajen mita 70. Amma babbar bas guda mai tsawon mita 12 za ta kwashe su duka. Mutanen ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, sai dai filin da suka mamaye a kan kwalta ya bambanta har ninki ashirin. Wannan shi ne asalin cunkoson da muke kira gosulo.

Sai lissafin mai. Injin fetur yana mayar da kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 ne kawai na ƙarfin man da ya ƙona zuwa motsi, sauran kuwa zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Bugu da ƙari, mota mai nauyin kilo 1,500 da ke ɗauke da mutum guda mai kilo 70, nauyin mutumin bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da injin ke ja ba. Idan aka haɗa lissafin biyu, za a ga cewa a cikin kowace naira 100 da aka zuba a tanki, abin da ya tafi wajen ɗaukar shi mutumin bai kai naira 2 ba. Sannan kowace lita guda ta fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke kan gaba wajen haddasa ɗumamar yanayi, ban da hayaƙin da mai tsayawa a bakin titi ke shaƙa.

Wannan lissafi ya fito fili bayan ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Ma'aikata da dama suka jingine motocinsu, wasu suka kakkaɓe kekunan da suka daɗe a zaure. Birnin da kowace tafiya a cikinsa ta dogara ga fetur, numfashinsa yana hannun farashin fetur.

Shin Faɗaɗa Titi Yana Maganin Gosulo?

Mai karatu zai iya cewa, ai idan titi ya yi kaɗan sai a ƙara masa faɗi. An gwada haka a inda kuɗi ya fi yawa. A birnin Hustan na jihar Tekzas ta Amurka, an faɗaɗa babban titin Katy, aka kammala a 2008, har wani sashensa ya kai hannu 26 idan aka haɗa da na gefe. Cikin 'yan shekaru kaɗan lokacin da ake ɓatawa a kansa safe da yamma ya sake ƙaruwa. Dalili kuwa shi ne, da zarar titi ya buɗe, wanda da yake shiga bas sai ya fito da motarsa, wanda yake zaune kusa da wurin aiki sai ya yi gida a nesa, har titin ya sake cika. A 2011 wasu masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun nazarci biranen Amurka, suka gano cewa yawan tafiyar motoci yana ƙaruwa ne kusan daidai da yawan titin da aka ƙara.

Akasin haka ya faru a Seyul, babban birnin Koriya ta Kudu. A 2003 hukumar birnin ta rushe wata doguwar gadar sama da aka gina a kan rafin Cheonggyecheon, ta sake tsarin bas-bas a 2004, ta kuma buɗe rafin ga masu yawo a ƙafa a 2005. Cunkoson da aka yi ta fargaba bai auku ba, domin jama'a sun sami wata mafita. Gadar sama tana da amfaninta a wasu mahaɗun tituna, amma sau da yawa ɗaukar gosulo take yi daga wannan shataletale ta ajiye shi a na gaba.

Darasi Daga Kuritiba

Birnin da ya fi dacewa mu yi koyi da shi, a ganina, shi ne Kuritiba da ke kudancin Birazil, domin da ƙaramin ƙarfi ya yi abin da ya yi. A 1971 wani masanin zanen gine-gine mai suna Jaime Lerner ya zama magajin garin. Birnin ba shi da kuɗin haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa, don haka a 1974 aka keɓe hannun tsakiya na manyan tituna domin bas-bas kaɗai. Daga baya aka ƙara dabaru: fasinja yana biyan kuɗi tun a tasha kafin bas ta iso, daɓen tashar daidai yake da ƙofar bas ta yadda tsoho da gurgu za su shiga ba wahala, sannan aka kawo dogayen bas-bas masu gaɓa uku da ke ɗaukar mutum sama da 200. Haka kuma aka ba da izinin gina dogayen benaye a gefen waɗannan layuka, domin jama'a su zauna kusa da abin hawa.

Bogota, babban birnin Kolombiya, ya kwaikwayi wannan tsari a shekarar 2000, har ya kai yana jigilar fasinja sama da miliyan 2 a rana. A nahiyarmu ma, Legas ta buɗe nata layin a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, Darussalam ta Tanzaniya ta bi sahu a 2016, Dakar ta Sanagal kuwa ta fara aiki da bas-bas masu lantarki a layi mai kilomita 18 a 2024. Tsarin yana da nasa matsaloli, domin mutanen Bogota sun daɗe suna kuka da matsatsi a cikin bas. Sai dai matsatsin ya nuna cewa jama'a sun karɓi abin, ƙari suke bukata.

Batun Rai

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Ilimin fiziks ya bayyana dalili: ƙarfin bugu yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana bugu da ƙarfin da ya ninka na mai gudun 30 har sau huɗu, haka ma nisan da za ta ja bayan an taka birki. Titi mai faɗi da santsi a ƙofar makaranta gayyatar gudu yake yi.

Ƙasar Holan ta ɗanɗana wannan. A 1971 sama da mutum 3,000 suka mutu a titunanta, ciki har da yara fiye da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, ga kuma ƙarancin mai na 1973, sai hukumomi suka shiga gina hanyoyin keke na musamman da rage gudu a unguwanni. A yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa. Gani ga wane, an ce, ya ishi wane tsoron Allah.

Mu Dawo Gida

Kano ta ga sauyi iri-iri. Babur mai ƙafa uku ya shigo a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ya kuma mamaye gari bayan an hana acaɓa a watan Janairun 2013 saboda dalilan tsaro. Ya taimaka ƙwarai, musamman ga mata, amma lissafinmu na sama ya nuna cewa ba zai iya ɗaukar nauyin birni mai miliyoyin jama'a shi kaɗai ba. Abin sha'awa, yanayin garin ya dace da tsarin Kuritiba, domin manyan titunansa, wato na Zariya da Katsina da Haɗeja da Gwarzo da Maiduguri, duk cikin gari suka nufa. Da za a keɓe wa manyan bas-bas hannu guda a kowannensu, sai A Daidaita Sahu ya riƙa kwaso fasinja daga lunguna yana kai su tasha. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa da gangara, irin wadda mai keke ke so.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, zafin rana: wa zai tuƙa keke a watan Afrilu? Amsa ita ce inuwa. Jerin darbejiya a gefen hanya aikin sufuri ne kamar kwalta, kuma kakanninmu da suka yi lunguna ƙanana masu inuwa a cikin ganuwa sun san haka. Na biyu, abincin dubban matasa masu tuƙa A Daidaita Sahu. Duk tsarin da bai sa su a ciki ba, a matsayin direbobi da makanikai da masu hannun jari, ba zai kai labari ba. Na uku, an sha sayo bas-bas, tun shirin sufurin jama'a na gwamnatin tarayya na 1988, da yawansu suka ƙare a kan duwatsu saboda rashin kayan gyara. Wannan gaskiya ne, kuma darasinsa shi ne a tanadi hukuma mai cin gashin kanta da asusun gyara kafin a sayo ko da taya guda.

Akwai kuma masu ganin motar lantarki ce mafita. Babu shakka ba ta fitar da hayaƙi a titi, amma motocin lantarki 40 za su ci mita 240 ɗin nan dai, kuma mafi yawan wutar Nijeriya daga iskar gas ake samar da ita. Idan muka tsaya a nan, an gudu ne ba a tsira ba. Inda lantarki da hasken rana za su fi amfani shi ne a bas da babur mai ƙafa uku, waɗanda ke yini suna jigilar talakawa.

Kammalawa

Ina kira ga malaman lissafi da na labarin ƙasa da su fita da ɗalibansu bakin titi mafi kusa da makaranta, su tsaya nesa da kwalta na minti 15, su ƙirga ababen hawa iri-iri da mutanen da ke cikin kowanne, har da masu keke da masu tafiya a ƙafa. Daga nan su auna faɗin titin, su ga kaso nawa aka bai wa kowane rukuni. Sakamakon zai nuna musu wane ne ya fi yawa, wane ne kuma ya fi samun fili.

Ku ɗalibai, daga cikinku injiniyoyi da masu tsara birane da kwamishinonin gobe za su fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yawancin unguwannin da za a zauna a 2050 ba a ma yanka filayensu ba tukuna. Duk ranar da aka ajiye muku zanen sabon titi domin ku sa hannu, ku fara tambaya: ina yaro ɗan firamare zai tsallaka, ina mai keke zai bi, ina kuma tsohuwa za ta zauna ta jira bas a inuwa?