Ku Tashi Mu San Wanda Muke Bi

'Yan'uwa a cikin Almasihu, na Jos da na Kafanchan, na Garkida da na Wusasa, na Maraɗi da na Galmi, ku kasa kunne. Sunan Yesu bai taɓa yawa a bakinmu kamar yau ba. Yana jikin motocin haya, yana kan allunan shaguna, lasifika na kwana tana kiransa a filin taro. Amma tare yaron da ya fito daga makarantar Lahadi, ko ma dattijon da ya tsufa a kan benci ɗaya a majami'a, ka tambaye shi wane irin Almasihu ne wannan da muke yi wa sujada, sai ka ji kame-kame. Laifin na iyaye ne, na fastoci ne, na dattawan ikkilisiya ne, ba wanda zai zame.

Yesu da kansa ya fara yin wannan tambaya. A yankin Kaisariya Filibi ne, can gindin Dutsen Harmon, inda ɗaya daga cikin maɓuɓɓugan Kogin Urdun yake. Gari ne na gumaka: akwai wurin tsafin wani gunkin Helenawa, ga kuma haikalin da Hirudus ya gina don girmama Kaisar Augustus. A nan, a ƙarƙashin inuwar masu iko, ya tambayi almajiransa abin da mutane ke faɗa a kansa. Suka lissafo masa Yohanna Mai Baftisma, Iliya, Irmiya. Da ya juyo da tambayar kansu, Bitrus ya shaida cewa shi ne Almasihu, Ɗan Allah. Daidai ya faɗa, aka kuma sa masa albarka. To, amma ku ci gaba da karatu, kada ku rufe littafin a nan kamar yadda muka saba. Da Yesu ya soma bayyana cewa za a ƙi shi a Urushalima, a kashe shi, ya tashi a rana ta uku, Bitrus ɗin nan ya ja shi gefe yana kwaɓarsa. Mutumin da aka yaba wa yanzu-yanzu, shi aka kira Shaiɗan.

Bitrus ya san sunan, bai san aikin ba. Yana son sarkin da zai kori Romawa ya raba muƙamai. Ba shi kaɗai ba ne. Bayan an ciyar da mutum dubu biyar, taron ya yunƙura zai naɗa Yesu sarki ƙarfi da yaji, shi kuwa ya janye ya hau dutse shi kaɗai. Ya shiga Urushalima a kan jaki. A daren da za a kama shi, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya zuba ruwa a daro, ya bi almajirai ɗaya-ɗaya yana wanke musu ƙafafun da suka sha ƙurar hanya, har da ƙafar wanda zai bashe shi. Wannan shi ne bawan nan mai shan wuya da annabi Ishaya ya yi maganarsa a sura ta 53. Waɗanda suka nace sai almasihun takobi sun same shi daga baya: a shekara ta 132 Bar Kokba ya ta da tawaye, wasu manyan malamai suka ce shi ne, zuwa 135 sojojin Kaisar Hadiriyan sun mai da Yahudiya kufai.

Iyayenmu na bangaskiya ba su ɗauki maganar ko wane ne Almasihu da wasa ba, kuma 'yan Afirka ne a gaba-gaba. Wani firist na Iskandariya a Masar, Ariyus, ya riƙa koyar da cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Rigimar ta kai ga taron Nikiya a 325, a ƙasar da ake kira Turkiyya yau, inda shugabannin ikkilisiya suka tsaya a kan cewa Ɗan da Uban ainihinsu ɗaya ne. Atanasiyus na Iskandariya sau biyar ana korarsa gudun hijira saboda wannan, bai sauka ba. A 451 taron Kalsidon ya ƙara ɗaure maganar: cikakken Allah ne, cikakken mutum ne. Kada wani ya ce wannan gardamar malamai ce. Domin mutum ne, ya gaji har ya zauna a bakin rijiya a Samariya, ya yi kuka a kabarin Li'azaru, saboda haka ya san zafin gwauruwar da ke kuka a sansanin gudun hijira. Domin Allah ne, mutuwarsa ta isa ceto.

Yanzu mu dubi gida. Almasihu biyu na jabu sun shigo mana, mun shimfiɗa musu tabarma. Na farko na kuɗi ne. Ana sayar da kwalbar mai da hankici, ana yanke wa addu'a farashi, ana ce wa matar da ba ta da kuɗin makarantar 'ya'yanta ta shuka iri za ta girbi mota. Wanda bai da wurin sa kansa a duniya, yau da sunansa ake tatsar talakawa! Lokacin da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Ruhu, Bitrus bai karɓa ya yi godiya ba, fatattakarsa ya yi. Ku daina kai guminku wurin 'yan kasuwar bagadi.

Na biyu ya fi wuyar faɗa, domin raunin ɗanye ne. Shi ne almasihun ramuwa. An ƙone mana majami'u, mun binne namu a rami ɗaya, ba wanda zai ce mana mu yi shiru. Mu nemi adalci da babbar murya, mu matsa wa hukuma ta yi aikin da ta rantse za ta yi. Amma matashin da ya tare hanya ya fito da matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai sunansa ko shigarsa, ba Yesu yake bi ba, ko da gicciye na rataye a wuyansa. A Getsamani Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist. Ubangiji ya sa shi ya mai da takobin kube, ya kuma warkar da kunnen wanda ya zo kama shi. Ku dubi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro daga Garkida a 1923. A 2014 yawancin 'yan matan Chibok da aka sace 'ya'yanta ne, a shekarar kuma aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Duk da haka shugabanninta ba su hau mumbari sun yi kiran ɗaukar fansa ba.

Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa, mun kuma san inda muka rabu da su, wato batun gicciye da batun zamansa Ɗan Allah. In abokin kasuwarka ya tambaye ka, amsa masa da ilimi da ladabi, ban da zagi, ban da noƙe-noƙe. Wanda bai karanta ba shi ke saurin fusata.

Ba mu da hujjar jahilci. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa yake cikin Hausa, yau ga shi har a waya. Fastoci, ku rage wa'azin buɗi, ku koya mana Almasihu. Zumuntar mata, ku da kuke riƙe da ikkilisiya da waƙa da baiko, ku riƙe ta da koyarwa ma. Ƙungiyar matasa, ku ɗauki Bisharar Markus, sura 16 ce kacal, ku karanta sura guda kowace yamma, ku tsaya a sura ta 8 ku yi ta muhawara a kanta. Iyaye, bayan tuwon dare ku tara yara, ku yi musu tambayar Kaisariya Filibi, ku saurari amsarsu, ku gyara inda ya karkace. Ku fara ran Lahadin nan mai zuwa.