Koyar da Ginin Tukwane a Garuruwan Ƙasar Yauri: Wa Ya Cancanci Zama Malami?

Gabatarwa

A duk lokacin da aka tayar da zancen koya wa matasa sana'a a garuruwan ƙasar nan, abin da yakan fara zuwa zukatan hukumomi shi ne gini da injuna da malami mai takardar shaida. Akan gina ɗaki, a sayo kaya daga nesa, a yi bikin buɗewa, sa'an nan bayan 'yan shekaru a tarar da ƙofa a garƙame, gizo-gizo ya yi saƙa a kan injin. Wannan maƙala za ta dubi sana'a guda ɗaya, watau ginin tukwane da zanen da ke tafiya tare da shi, a Warra da Yelwa da Shanga da sauran garuruwan gaɓar tafkin Kainji. Ra'ayin da za ta kare shi ne, in har za a koyar da wannan sana'a a cikin gari, to maginin gargajiya, mace ko namiji, shi ya cancanci kujerar malami, a kuma biya shi haƙƙinsa na malami, mai ilmin boko kuwa ya zauna a gefensa a matsayin mataimaki.

Daɗewar Sana'ar a Gaɓar Kwara

Yumɓu ba baƙo ba ne a wannan yanki. Kafin a kammala madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968, masana kayan tarihi sun yi gaggawar haƙa wasu tuddai da kufai da ke bakin kogin Kwara, domin su ceto abin da za a iya cetowa kafin ruwa ya rufe su. A wani tudu kusa da Yelwa sun tono tarin katangar tukwane da ƙananan siffofi na gasasshen yumɓu, waɗanda bincike ya nuna sun haura shekara dubu. Ashe tun kafin a san makarantar boko, mutanen wannan gaɓa sun san yadda ake zaɓen ƙasa, a kwaɓa ta, a gina, a gasa.

Da tafki ya cika, an tayar da mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu, cikinsu har da Gungawa da Kambari da sauran mazauna bakin ruwa, aka mayar da su sababbin matsugunai. Ana iya ƙidaya gida da rumbu da itacen marmari a biya diyya. Amma sanin da tsohuwa take da shi na ramin da yumɓu mai kyau yake, da wanda tukunyarsa kan tsage a wuta, ba ya shiga takardar ƙidaya. Magini kuwa da raminsa kamar manomi ne da gonarsa. Bayan wannan girgiza sai ga tukunyar ƙarfe da bokitin roba da jarka sun cika kasuwanni, suka ture tulu daga kan 'yan mata masu zuwa ɗibar ruwa. Saboda haka duk wanda ya rage yana wannan sana'a a yau, ajiya ce yake riƙe da ita, kuma ba a rubuce take ba.

Darasi Daga Abuja

Masu son a fara da injuna ya kamata su waiwayi abin da ya faru a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja a yau. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew domin ya zamanantar da ginin tukwane a Nijeriya. Ya kafa cibiyar koyarwa a Abuja, ya kawo keken gini, watau faifan nan da ake juyawa ana ɗaga yumɓu a kansa, da tanderu mai tsananin zafi, da shafen ƙyalli irin na tangaran. A 1954 wata Bagwariya mai suna Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko a wurin. Ta iso ne da gwanintarta, domin tun tana yarinya ta koyi gini da hannu a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a fadarsa, a nan ne ma Cardew ya fara ganin aikinta.

Abin lura shi ne, cibiyar ta yaye ɗalibai da dama, amma sunan da ya zagaye duniya na wadda ta zo da ilmin gida ne. Manyan randunanta masu zanen kifi da ƙadangare da kunama da kada, da hannu take gina su kamar yadda ta gada. An nuna su a Landan da wasu biranen Turai da Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta yana bayan takardar naira 20.

Akwai darasi na biyu wanda ba a cika faɗa ba. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Idan aka shafe randa da ƙyalli aka gasa ta da wuta mai tsanani, ƙofofin nan sukan toshe, ta ƙara nauyi da tsada, ta daina sanyaya ruwa. Shi ya sa kayan cibiyar Abuja suka fi samun masaya a wurin Turawa da masu hali, talaka kuwa ya ci gaba da sayen randarsa a kasuwar ƙauye. Makarantar da za a buɗe a Warra ba za ta rayu da cinikin baƙi ba. Masunta da manoman albasa da matan gida su ne masayanta.

Ga kuma abin da ya faru da tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982. An shigo da injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, aka rarraba wa makarantun sakandare, da yawa daga cikinsu ba su da wutar lantarki ko malamin da ya iya sarrafa su, injunan suka lalace a cikin akwatunansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Amsa ga Masu Suka

Wani zai ce zamanin tukunyar ƙasa ya wuce, koya wa yaro ita ɓata masa lokaci ne. Gaskiya ne tulu ba zai ƙwace matsayinsa daga hannun jarka ba, domin jarka ba ta fashewa kuma ba ta da nauyi. Amma akwai inda roba ba ta da ta cewa. Ba a toya waina a tandar roba, ba a zuba garwashi a kaskon roba, kuma a watannin bazara, sa'ad da zafi ya tsananta wuta kuma ba ta tsayawa, randa ce firjin talaka. Har ila yau ana iya fitar da sabon amfani daga tsohuwar sana'a. Wani malami a Dutse ta Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina, ya yaɗa dabarar sanya ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen ƙyalle. Tumatir da tattasai da gauta sukan ƙara kwanaki a ciki ba su lalace ba, musamman da rani. Wannan dabara ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Yankin da ke noman lambu a bakin tafki yana da bukatar irin wannan, kamar yadda masu bandar kifi ke da bukatar murhun laka mai tsimin itace.

Wani kuma zai ce tsohuwar da ba ta iya karatu ba ba za ta iya koyarwa ba. Wannan magana ta manta da cewa duk magina na ƙasar Hausa da maƙwabtanta a hannun irin waɗannan tsofaffi suka koya, ta hanyar kallo da kwaikwayo da gyara. Abin da mai takarda zai ƙara shi ne awo da lissafin riba da rubuta abin da aka gwada, da kuma gina tanderun da zai rage yawan tukwanen da ke fashewa wajen gashi. Wannan taimako ne babba, amma bayan an kafa tushe yake zuwa.

Akwai kuma iyayen da ke ƙyamar darasin zane saboda tsoron a koya wa 'ya'yansu yin mutum-mutumi. Damuwarsu abar girmamawa ce, kuma ba ta da wuyar magani. Fasahar wannan ƙasa tana da yalwa: dagi da sauran zanen bangon gida, zayyanar allo, ɗinkin hula, zanen ƙwarya, saƙar tabarma da faifai. Dukansu ana iya ɗora su a jikin randa da kaskon turare da shantali ba tare da an taɓa abin da zai jawo saɓani ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wadda za ta fito daga bakin maginan kansu. Sana'ar gado ce, kuma wanda ya koya wa ɗan wani sirrin abincinsa ya haifar wa kansa abokin gasa. Ba a warware wannan da lacca. Ana warware shi ne da albashi tsayayye da girmamawa a bainar jama'a, yadda maginiya za ta ga koyarwar ta fi mata ɓoyewa amfani.

Shawarwari

Da farko, ƙananan hukumomin Ngaski da Yauri da Shanga su nemi taimakon Masarautar Yauri, ta hannun hakimai da masu unguwanni, a san adadin maginan da suka rage da ramukan da suke haƙar yumɓu, a kuma hana a mayar da ramukan nan filayen gini. Na biyu, a kai darasin inda jama'a suke, watau cibiyoyin mata da azuzuwan yaƙi da jahilci da harabar makarantun firamare bayan an tashi, maimakon a jira sabon gini. Rumfa da ruwa da inuwa sun isa a fara. Na uku, a bi tsarin koyo na asali: yaro ya fara sanin ƙasa da kwaɓi, ya gina asusu da kasko, ya kai ga tulu da randa, sa'an nan a nuna masa keke da ƙyalli in yana so. Na huɗu, a ware wa ɗalibai rumfa a kasuwar Warra da wajen bikin Rigata na Yauri, domin kuɗin farko da yarinya za ta karɓa daga aikin hannunta shi ne zai tsayar da ita a kan sana'ar.

Sashen Hausa ma yana da nasa rabo. Kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kansa, suna ta maimaita batutuwan da aka riga aka tatse. Ga sunayen kayan aikin magina, da sunayen ire-iren ƙasa, da karin magana da camfe-camfen da ke tattare da ranar gashi, a Hausar Yauri da kuma harsunan Gungawa da Kambari da Shangawa, suna jiran mai ɗauka. Duk maginiyar da ta kwanta dama ba a zauna da ita ba, ta tafi da kalmomin da babu ƙamus ɗin da zai dawo da su.

Kammalawa

Ladi Kwali ta yi dace, Sarki ya ga aikinta, Bature ya gani, jami'a ta gani. A gaɓar Kainji akwai masu irin hannunta waɗanda ba wanda ya taɓa tambayar sunansu sai mai taya randa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kafin a rubuta takardar neman kuɗin sayen inji, a fara zuwa gidan maginiya a yi sallama, a tambaye ta nawa za a biya ta ta koyar.