Mamman Barka, magajin biram

Ranar 21 ga watan Nuwamba 2018 Allah ya yi wa Malam Mamman Barka rasuwa a Yamai. Haifaffen Tasker ne cikin jahar Damagaram, Batube, kuma malamin lakkol. Da gurumi mai tsarkiya biyu ya fara suna, har waƙoƙinsa suka ƙetara iyaka zuwa Najeriya.

Amma babban aikinsa ya zo ne a shekarar 2002. Da tallafin UNESCO ya tafi tabkin Cadi wajen Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi kaɗai ya rage cikin gwanayen biram. Biram kayan kiɗa ne na masuntan Buduma, mai tsarkiya 5, mai siffar kwalekwale. Mamman ya durƙusa gaban tsoho, ya koyi kiɗin da waƙoƙinsa. Daga baya ya haɗa shi da gangunan Umaru Adamu, ya fitar da faifai a 2009, Turai ta ji muryar tabki.

Da bai yi wannan tafiya ba, da an rufe kiɗin biram tare da Bukar Tar.

To, a Waca, Magarya da Dungas, masu algaita da goge suna tsufa. Wa ke zaune gabansu? Ajiye kayan kiɗa a ɗakin tarihi bai isa ba, hannu ake gada. Attajirin da ke yi wa makaɗi kari ranar buki, ya kamata ya tuna da ɗan koyo.