Lambun Uwargida: In Alobera Ta Fara Ruɓewa



Uwargida, da yawanmu mun ajiye alobera a tukunya saboda gyaran gashi da fata, amma damina na kankama sai ta langaɓe. Mafi yawan lokaci yawan ruwa ne ke kashe ta, domin ita da murtsunguwa a jikinsu suke ajiye ruwansu.

Ki taɓa gindinta. In ganyen ya yamutse amma gindin da ƙarfi, ƙishi ne kawai. In kuwa ya yi laushi, ya yi baƙi, yana wari, ruɓa ce.

Kada ki jira gobe. Ki tuge ta, ki kakkaɓe ƙasar. Ki gasa wuƙa a wuta, ta huce, ki yanke duk ruɓaɓɓen saiwa da gindi har ki iske lafiyayyen wuri, don ɗan abin da kika bari shi zai cinye saura. Ki ajiye ta a inuwa kwana 3 zuwa 7, bakin yankan ya bushe. Sannan ki dasa ta a tukunya mai huji a ƙasa, da sabuwar ƙasa rabinta yashi. Sai bayan mako guda za ki ba ta ruwa, daga nan kuma sai ƙasar ta bushe ƙayau.

In ruɓar ta kai tsakiya, uwar ta tafi. Ki ceci 'ya'yan da ke gefenta. Ruɓaɓɓen ganye kuwa kada ya taɓa fatarki ko ta yara.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.